Hirar Iyali: Bikin Ranar Haihuwa, Me Za a Sha, Wa Za a Kira?

Tun da ruwa ya ɗauke, wasiƙu uku suka iso wannan fili a kan magana guda, biyu daga Gusau, ɗaya daga Tsafe. Duka ukun iyaye mata ne suka rubuto, abin da ya dame su kuwa shi ne bikin zagayowar ranar haihuwa, wanda yaranmu suke ce wa bazde. Ta fari tana tambaya ko abin ya dace da gidan masu bi. Ta biyu ta ce 'yarta ta wuni ba ta ci abinci ba, domin an yi wa ƙawarta biki, ita ba a yi mata ba. Ta ukun ba tambaya ta kawo ba, kuka ne. Ta ci bashin kiret uku na lemo a wurin mai shagon unguwarsu, yau wata biyu ke nan tana zagayawa ta wani lungu in za ta majami'a, don kada ta gifta ƙofar shagon.

Da farko dai mu sani, abin nan baƙo ne. Kakanninmu ba su riƙe kwanan wata ba. Ranar mako suka riƙe, suka kuwa rataya wa yaro ita ta zama sunansa. Wanda aka haifa ran Lahadi shi ne Ɗanladi, mace kuwa Ladi. Ga Talatu, ga Balarabe da Laraba, ga Lami, ga Jummai da Ɗanjuma, ga Asabe. Shekara kuma da wani babban abu ake gane ta. Tsoho zai ce maka an haife shi lokacin yunwar 'Yar Gusau, wajen 1942. Wani zai ce yana goye aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira, watau 1973. Makaranta da katin baftisma da katin asibiti su ne suka tilasta mana rubuta rana da wata. Har yau in muka buɗe rajistar aji mukan tarar da yara da dama duk an rubuta musu 1 ga Janairu. Ba wai a ranar aka haife su ba, uban ne aka matsa masa da tambaya ya faɗi abin da ya zo bakinsa.

Kek da kyandir kuwa daga Turai suka fito, a gare mu kuma ta hanyar baƙi suka shigo. Gusau dama garin baƙi ne tun da layin dogo ya ratsa ta ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka jawo akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Gari. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 Gusau ta zama babban birni, sai ma'aikata suka ƙaru, kowa da al'adar da ya gano a Kaduna ko Jos ko Ikko. Amma abin da ya kai shi kowane gida, har Bungudu da ƙauyukan Tsafe, shi ne wayar hannu. Facebook ne yake tuna wa mutum ranar, hotunan WhatsApp kuma su nuna masa yadda wane ya yi nasa.

To, uwar da ta tambaya ko ya dace. Sau biyu ne Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin bikin ranar haihuwa a fili. Na fari na Fir'auna ne, cikin Farawa sura 40, inda aka mai da mai shayarwa bakin aikinsa, aka rataye mai tuya. Na biyu na Hirudus ne, cikin Markus sura 6, inda aka fille kan Yahaya Maibaftisma. Saboda haka waɗansu malaman ikilisiyar farko, kamar Orijin na Iskandariya, suka ƙi abin ɗungum, har yanzu ma akwai masu bin ra'ayinsu. Mu ba mu tare da su. Ba ranar ce ta kashe Yahaya ba. A garin da iyaye suka san yadda zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa suke ɗauke yara kafin su kai shekara biyar, uwar da ta ga ɗanta ya cika shekara ta ce za ta dafa abinci ta gode wa Allah, wa zai hana ta? Sai dai a koma a karanta labarin Hirudus a hankali, a duba waɗanda ya gayyata. Markus ya lissafta su: fadawansa, da shugabannin soja, da manyan Galili. Don idon waɗannan mutane ne ya yi rantsuwar da ya kasa janyewa. Bikin da aka shirya don idon manya, a ƙarshe idon ne yake mulkin mai gida. Matar da take zagaya shago ba don ƙishin yara ta ɗauki kiret uku ba.

Mu malamai muna ganin abin ta wata fuska. Yanzu an ɗauki al'adar kawo bikin cikin aji. Uwa za ta zo da kek da katan na lemo da 'yan ledoji, kowace da biskit da minti da balan-balan. A tsai da darasi, a yi waƙa, a ɗauki hoto. Yara su yi murna, gaskiya ne. Amma ku tsaya a bayan aji ku dubi fuskar yaron da ya san ranarsa mako mai zuwa ne, ya kuma san ubansa ko kuɗin makaranta na zangon bai gama biya ba. Mun ga yaron da ya ƙi zuwa makaranta ranar haihuwarsa, ya ce ciki yake yi masa ciwo. Mun ga yarinyar da ta ce wa 'yan ajinsu ranarta cikin hutu take faɗuwa, alhali rajista tana hannunmu. Tun tana shekara takwas mun koya mata ƙarya don rufin asiri. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, akwai kuma iyaye da yawa da ba su samun ko wannan. Kowa ya san yadda kayan masarufi suka yi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023.

Mafi yawan kuɗin irin wannan biki a kwalba yake tafiya, don haka bari mu daɗe kaɗan a kan abin sha. Muna da wani dattijo a ikilisiyarmu, tsohon direba, wanda ya shekara da shekaru yana bin hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato. Ba mu taɓa ganin mai son abinci irinsa ba, ba kuwa don haɗama ba, don sani. Ya san inda ake tsayawa a Tsafe a ci hoce da datu, ya san wace rumfa ce a Bungudu ake dama hura da nonon da ba a tsinka shi da ruwa ba. In ya kurɓi kunu sau ɗaya zai faɗa maka ko da gero aka yi ko da dawa, ko yau aka dama ko jiya. Ran nan aka gayyace shi bikin jikar wani abokinsa, aka miƙa masa kwalba da tsinken zuƙa. Ya karɓa don kunya. Da muka fito ya ce mana, "Malam, gidan nan fa matar ta fi kowa iya kunun zaƙi a unguwar nan. Ta bar abin da ta iya, ta sayo mini abin da zan samu a kowace tasha."

Muka ce, "Baba, ai kwalba ita ce girmama baƙo yanzu."

Ya ce, "Girman da mai shago ya fi ni samu?"

Maganarsa ta sa muka je muka tambayi iyayenmu mata yadda ake wannan kunun, gama da yawa cikin 'yan matanmu sun san shansa, ba su san yinsa ba. Ana jiƙa gero ya kwana, a wanke, a kai niƙa tare da citta da kanumfari da busasshen dankali. Sai a raba ƙullin biyu, babban kashi da ƙarami. A sheƙa wa babban tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. A bar shi ya huce kaɗan, sa'an nan a zuba ɗanyen ƙullin a juya, a rufe ya kwana, da safe a tace. Hikimar tana wurin nan na barinsa ya huce. A cikin ɗanyen ƙullin da dankalin akwai wani sinadari mai narkar da kaurin ya juya shi zaƙi, zafi mai yawa kuwa kashe shi yake yi. Shi ya sa mai gaggawa kununta yakan fito da kauri ba zaƙi, sai ta rufe aibin da sukari. Iyayenmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma da tafin hannu suke auna zafin, ba sa kuskure.

Zoɓo kuma ba sai an faɗa ba. Furen yakuwa ne, wadda mu nan muke ce wa sure, tana nan a gefen kowace gona. A wanke shi sosai don ƙasa, a tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba in an samu. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, wannan zoɓon da muke jin kunyar miƙa wa baƙo, buhu-buhu ake lodinsa daga Kano da Jigawa zuwa Meziko, can suna shansa a gidajen abinci. A Masar da Sudan shi ne karkade, a Senegal bisab. Haka ma kunun aya. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen akwai shaguna da aka buɗe musamman don sayar da shi, har sukan sayi aya daga Nijar da maƙwabtanta don tasu ba ta isa. Ga lamurje na tsamiya da citta, ga kunun gyaɗa ga tsofaffi, ga fura ga wanda ya taho daga nesa da yunwa. Kuɗin kiret guda, in aka sa shi a zoɓo da kayan ƙamshi, zai shayar da yaran layi duka har a aika wa na bayan layi.

Akwai kuma maganar lafiya. Lemon kwalba ya daɗe a ƙasar nan, tun 1953 aka fara ɗura Coca-Cola a Ikko, Maltina kuma ta fito a 1976. Dā abin Kirsimeti ne, kwalba guda a raba wa yara uku. Yanzu yaro ɗan shekara huɗu yana rungume da babbar roba shi kaɗai. Ku duba rubutun da yake jikinta. A irin baƙin lemon nan akwai sukari kusan giram 10 da rabi a kowace mililita 100. Ƙaramar kwalba ke nan tana da kusan ƙaramin cokali 9, babbar roba ta rabin lita kuwa wajen cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce wajen cokali 12 a yini, in da hali ma ya tsaya a 6. Na yaro bai kai haka ba. Wace uwa ce za ta tsaya ta zuba wa ɗanta cokali 13 na sukari a kofi? Amma a roba muna miƙa masa, mu bi shi da kek da minti. Maltin da muke ajiye wa fasto da dattawa shi ma cike yake da sukari, dattawan nan kuwa su ne masu fama da ciwon sukari da hawan jini. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta irin wannan abin sha tun 2022, ba mu ga ya hana kowa ba. Kada a ce zoɓo ba ya cutarwa, in aka tula masa sukari duk kanwar ja ce. Bambancin shi ne cokalin yana hannunki, Uwargida. Ki rage, ko ki sa dabino ko 'yar mazarƙwaila. Masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini kuma su tambayi likita kafin su yawaita zoɓo.

Amma kada mu zalunci kwalba, tana da abu guda da ta fi mu, a rufe take. Da yawa cikin masu gudun kunun biki ba girman kai ba ne, tsoro ne, tsoron kuwa yana da dalili. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A 2024 da cutar ta ɓarke a Ikko, jami'an lafiya na jihar sun ambaci wani kunun aya da ake sayarwa ba rajista cikin abin da suke zargi. Zoɓo ana tafasa shi, amma sau da yawa da ɗanyen ruwa ake tsinka shi, a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Robobin da ake ɗurawa kuma mun san inda yara suke tsinto su, daga bola, daga tasha, har daga bayan asibiti. Saboda haka mai yin abin sha na taro ta tafasa dukan ruwan da zai shiga, har na tsinkawa. In za ta sanyaya, ta sa jarkar cikin ƙanƙara, kada ta sa ƙanƙarar cikin jarka. Ta bar tsintattun robobi, ta zuba a kofunan gida da aka wanke da sabulu. Kunun aya kuwa ba ya jimrewa, da zafin Gusau na watan Afrilu kafin la'asar ya juya, a yi shi da safe a shanye da rana. Sakarin da kalar da masu talla suke zubawa ba su da wuri a tukunyar gida.

Giya ba za mu daɗe a kanta ba. Matsayin ikilisiyoyinmu sananne ne, tun da shari'ar Musulunci ta fara aiki a jihar nan a Janairu 2000 kuma aka hana sayar da ita. Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ba ya wari. Samari da 'yan mata sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki su ce bazde za su yi, ba babba ko ɗaya a wurin. Kowa yana riƙe da robar lemo, sai dai ba lemo kaɗai ne a ciki ba. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma abin bai ƙare ba, ga kuma ƙwayoyi. Uba ya tambaya: a gidan wa za a yi, wane babba ne zai zauna, ƙarfe nawa za a tashi? Bikin da ba za a iya yinsa a tsakar gida a gaban uwa ba, a bar shi.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko nauyi. Wa za a kira? Waɗanda suka tashi a Tsafe ko Bungudu ko tsofaffin unguwannin Gusau sun san ciyayya. Bayan magariba kowane mai gida zai fito da kwanonsa ƙofar gidan dattijon layi, a shimfiɗa tabarma, a buɗe kwano ɗaya bayan ɗaya. Wannan tuwon dawa da miyar kuka, wancan miyar sure, wani ɗanwake, wani kuwa fura ce kawai don ba a ɗora tukunya ba. A ci duka tare. Wanda gidansa ba a yi girki ba ya ƙoshi, ba wanda ya nuna ya lura. In kwanon wani ya kwana uku bai fito ba, dattawa sun gane, da dare sai a aika masa da damin dawa ba tare da an tambaye shi kome ba. Baƙon da dare ya yi masa a hanya, a nan yake cin abinci. Mata kuma suna da tasu ta kan katanga, 'yar miya, ɗan daddawa, ragowar waina. Suna da aure ba su da katin gayyata, hayaƙin murhu shi ne sanarwa.

Sabon bikin ya zo da abin da ba mu sani ba, watau ƙidaya. An ƙirga kwalba, an ƙirga leda, dole a ƙirga baki. Tun da kwalba 24 ce a kiret, yaro na ashirin da biyar ya zama matsala. Sai a rufe ƙofa, a sa wani ya tsaya. Yaran maƙwabta suna leƙe ta kafar ƙyaure suna jin kiɗa. Tukunyar kunu ba ta san wannan ba, in baki sun ƙaru sai a rage kofi kaɗan, kowa ya samu.

Ga shi kuwa ba a taɓa bukatar buɗe ƙofa kamar yanzu ba. Kowa a nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Tsafe da Bungudu da Maru da sauransu. Mutanen da dā su ne suke kawo mana gero da nono, yau suna kwana a kangaye a Gusau, matansu suna bin gidaje neman wanki. A watan Satumba 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka yanke layin waya makonni, waɗanda suke a nan ba su manta yadda nono da hatsi suka yi wuya ba. Da wuya ka sami layin da ba shi da irin waɗannan baƙi, Musulmi da Kirista. Yaransu suna cikin masu leƙen nan. Baban namu direba ya ce abin da ya fi ba shi baƙin ciki shi ne, matar da ya shekara goma yana shan furarta a bakin hanya, ya gan ta a Tudun Wada tana riƙe da kwano, ba ta gane shi ba, shi kuma ya kasa yi mata magana.

Akwai wuri guda a Littafi Mai Tsarki da muke so kowane gida ya karanta kafin ya shirya biki, Nehemiya sura 8. Jama'a sun komo daga bauta, sun ji karatun Shari'a, suka fashe da kuka. Nehemiya bai ce su tafi su yi azumi ba. Ya sallame su su ci mai daɗi, su sha mai zaƙi, ya kuma haɗa musu da sharaɗi, su aika da rabo ga waɗanda ba su da abin da suka shirya. Abin sha mai zaƙi yana ciki, aike ma yana ciki, a umarni guda. Cikin Luka sura 14 kuma Ubangijinmu ya gargaɗi mai gidan da ya gayyace shi a kan kiran waɗanda za su iya rama gayya kaɗai. In muka faɗi gaskiya, yawancin bukukuwanmu biki ne irin na bashi, na zo naki, ki zo nawa, na kawo miki katan, ki kawo mini katan.

Aike kuwa yana da ladabinsa, musamman a wurin da muke zaune. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Da Salla kwanoninsu suna shigowa gidajenmu, da Kirsimeti namu suna shiga nasu, wannan zumunci ya riƙe unguwanni da yawa a lokatan da aka so a raba mu. Iyayenmu sun san yadda ake yi. Naman da za a aika, a saye shi wurin mahauta, in kuwa kaza ce ko akuya, a kira maƙwabci ya yanka, kowa ya gani. Ba wani abin da ya ragu daga bangaskiyarmu don mun yi haka, Bulus ma ya koya mana lura da lamirin wanda za mu ci tare da shi. Yaron da aka aika ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Mama ta ce a gaishe ku, wance ce ta cika shekara, a sa mata albarka." In wani gida suka ƙi karɓa, kada a yi fushi, kada kuma a mai da shi abin hira a zumuntar mata. Waina da cincin da zoɓo dai da wuya a mai da su.

Ga uwar da 'yarta ta ƙi cin abinci, ba mu ce a hana yarinyar ba, ba mu kuma ce a ci bashi ba. Abin da yaro yake nema shi ne a san yau ranarsa ce. A tashe ta da addu'a, uba ya ba ta labarin ranar da aka haife ta, wa ya karɓi haihuwar, ana ruwa ko ana sanyi, me ya sa aka zaɓa mata sunanta. A tambaye ta abin da take so a dafa cikin abin da gida yake iyawa, ko dafa-duka ce ko ɗanwake da ƙwai. Ta sa hannu a wankin zoɓon. Sa'an nan a ce ita za ta zaɓi gidaje uku da za a kai wa, ɗaya daga ciki ya zama gidan da ba za su iya rama mata ba, ita kuma za ta ɗauki kwanon da kanta. Mun ga gidajen da suka gwada haka, yaran ba su ƙara tambayar kek ba sai jefi-jefi. In akwai halin kek, a yi, ba haram ba ne, a yanka shi ƙanana.

Makarantunmu na ikilisiya kuma muna roƙon hukumominsu su zauna da iyaye a kan bikin cikin aji. Shawararmu ita ce a daina kawo ledoji. A ware rana guda a wata, a kira dukan yaran da aka haifa a watan su fito gaban taron safe, a yi musu addu'a tare, ɗan mai kuɗi da ɗan mai gadi. Iyayen da suke da hali su ba da gero ko sukari a ofis ba tare da an ambaci suna ba, a dama kunu a makaranta kowa ya sha. 'Yan 1 ga Janairu ma sai a haɗa su da na makon da aka komo hutu.

Abu guda kada a manta wajen aike. Al'adarmu ce wanda aka kawo wa abinci ya ba ɗan aike tukwici, waɗansu matan kuma ba sa son mai da kwano wayam. Wannan yakan sa matar da ba ta da ko sisi ta ji nauyin karɓa, har ta ce sun ƙoshi alhali yaranta ba su karya ba. Saboda haka in gidan masu gudun hijira ne ko na gwauruwa, a gaya wa yaron tun daga gida: ya gaisa, ya nemi kwanonsu ya juye da kansa, ya ce ana jiransa, ya juyo da nasa kwanon kafin ta fara lalube a bakin zane.